Ƙulli Uku a Igiyar Iya

Ni ban shiga aji ba, ko a allo ma ban yi nisa ba. Jikata Ummi ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kun ga kuskure nata ne. Amma in ana maganar shirya guzurin tafiya, a duk Gwallameji ban ga wadda zan tsaya a bayanta ba. A wurin kakata Iya na koya, ita kuwa ƙafarta ce ta koya mata. Tun tana budurwa take ɗaukar daddawa da kanwa daga cikin garin Bauchi zuwa Dass, ta ratsa duwatsu, ta kwana a daji, ta dawo da zuma. Ko da na yi wayo ta daina fita. Tana ɗingisa ƙafar hagu, ba ta kuwa taɓa gaya mana dalili ba.

Da an idar da magariba an ci tuwo, Iya ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jera masara a kan garwashi, ta miƙe ƙafafu tana shafa musu man kaɗanya, mu kuma jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara, sai in ji kamar zan waiga in gan ta. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Cewa take, "Ga wata can tafe da kaya a ka, wa zai sauke ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya!" Ta ce, "To ku kama da hannu biyu."

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta Lanti da Tabawa, ƙawaye biyu da suka shirya zuwa wata kasuwa a bayan dutse, tafiyar kwana uku. Tabawa mai son a gani ce. Ta sa sabon takalmin fata, ta ɗauki zannuwa biyar, da tuwo a ƙwarya, da tukunyar miya. Ta kuma sulale ba ta gaya wa kowa ba, don kada maƙwabta su cika ta da saƙo.

Lanti kuwa tsohon takalminta ta sa, wanda ya san ƙafarta. Ta ƙulle dakuwa da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, ta cika gora da ruwa, ta soke ƙyastu a zani don kunna wuta. Ta ɗora kayan a ka ta zaga gida sau uku, duk abin da ya danne mata wuya ta cire shi. Daga nan ta samo igiya ta yi ƙulli uku, ta miƙa wa uwarta, ta ce, "Ta hanyar kwazazzabo zan je, ta nan zan dawo. Kullum da safe ki kwance ɗaya. In sun ƙare ba ki gan ni ba, a biyo ni."

A nan Iya kan tsaya ta juya masara, ta bar mu da baki buɗe.

Rana ba ta raba ba tuwon Tabawa ya yi tsami, takalmin ya tsattsage mata diddige. Dakuwar Lanti suka ci har kasuwa. A dawowa Tabawa ta ce ita yanke za ta yi, ba za ta iya zagaye ba. Lanti ta ce, "Na riga na faɗi hanyata a gida, ba zan canja ba." Suka rabu. Lanti ta shiga kwazazzabo, santsi ya kwashe ta, ƙafa ta goce. Ta ja jiki zuwa gindin wata bishiya, ta ƙyasta wuta, tana gutsurar dakuwa tana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Uwarta ta kwance ƙulli na uku, ta jira har yamma, shiru. Maza suka bi hanyar da aka faɗa, suka hango hayaƙi, suka goyo ta zuwa gida.

Mu ce, "Tabawa fa, Iya?"

Ta ce, "Wa zai nemi wadda bai san ta fita ba? In kun ji tsuntsu na kuka shi kaɗai a kan dutse, ita ce. To, na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

A lokacin ni dakuwar kawai nake ji a labarin. Da ta gama sai in ce ta daka mana ita gobe.

Bana sai ga Ummi, wadda ke karatu a jami'a can Gubi, ta zo ta ce ita da ƙawayenta za su hau duwatsun Dass su kafa tanti, su yi kwana biyu suna shan iska. Na yi dariya har da riƙe ciki. Inda Iya ta bi don dole, nan jikokinmu ke zuwa yawon buɗe ido! Na ce ta kawo jakar in gani. Da ƙyar na ɗaga ta. Gwangwanin kifi, gwangwanin madara, turare, har da madubi.

Na ce, "Goya ta, ki zaga gidan nan sau uku."

"Haba Kaka, sai ka ce mai aljanu?"

"Zaga dai, uwata."

A zagaye na biyu da kanta ta zauna tana fitar da gwangwanaye. Na daka mata dakuwa, na haɗa da kilishi da dabino da garin kwaki, na sa ashana a leda don kada ta jiƙe, na ƙara mata gorar ruwa ta biyu. Ƙawarta Rahila, 'yar Bogoro, tana gefe tana ta juya wani takalmi fari fat.

Na ce, "Rahila, wannan fa?"

"Jiya na saye shi, Kaka. Na hawan dutse ne."

"Shi bai san da haka ba tukuna. Koma ki ɗauko tsohon."

Ta yi dariya, ta ce tsohon ba zai yi kyau a hoto ba. Na ƙyale ta. Amma igiya kam ban ƙyale ba. Ummi ta ce ai akwai waya. Na ce wayar ta zauna a aljihu, ni dai ta faɗa min ƙauyen da za su bar mota, da ɓangaren dutsen da za su hau. Ta faɗa tana zumɓura baki, ta yi ƙulli uku: Alhamis, Juma'a, Asabar. Kafin azahar ɗin Asabar za su dawo, don Rahila na da coci washegari.

Ranar Asabar na kwance na ƙarshe. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Sabo, uban Ummi, ya kira waya ya kira, ba ta shiga. Ya ce, "Inna, yaran zamani ne, suna can suna ɗaukar hoto. Mu ga gobe." Na ɗora masa igiyar a cinya, miƙaƙƙiya, ba ƙulli ko ɗaya. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauki makullin mota.

Gab da magariba shi da mutanen ƙauyen suka same su a tsakiyar gangara, daidai ɓangaren da Ummi ta faɗa. Ƙafar Rahila ta kumbura ta fashe, goyon ta suke bi da bi. Cajin wayoyi ya ƙare tun Juma'a, ruwa saura kurɓi ɗaya, dakuwar nan ce ta riƙe su.

Ni kuwa ina zaune a tsakar gida ina jiran labari, igiya a hannu, sai ƙafar hagun Iya ta faɗo min a rai. Shekara nawa ina kallon tana shafa mata man kaɗanya tana ba mu labarin Lanti, ban taɓa haɗa biyun ba. Na ɗauka guzuri take koya mana. Ashe gaya mana take yadda aka yi ta dawo gida har aka haife mu. Ko an yi Tabawa da gaske, ko wace ce ita a wurin Iya, ban tambaya ba lokacin da akwai mai amsawa.

Shekaranjiya Rahila ta shigo da silifa, tana takawa a hankali. Za ta je gida Bogoro. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zaro wata 'yar igiya mai ƙulli huɗu daga jaka.

"Kaka, kwana huɗu zan yi. Ki riƙe min."

Igiyar tana nan ƙarƙashin matashina. Yau da safe na kwance na biyu.