Motar Tukur Tela Mai Rigar Shadda

Tukur tela maƙwabcina ne a Tawa, kuma bai taɓa yarda akwai abin da allura ba ta gyarawa ba. Ranar da ya ga wata motar Turawa a waya, jikinta duk yadi, sai ya ce an shigo masa sana'a.

Ya sa aka ɓare ƙarafan jikin tsohuwar motarsa, ya auna ta kamar ango, ya ɗinka mata farar shadda har da aiki a goshi. Sai dai Tukur ba ya fitar da shadda ba sitaci. Ya jiƙa ta da kokon rogo har ta sandare, ya ɗauke ni muka tafi kasuwar Kalfu.

Kafin mu gama gaisawa da mutane, awaki sun cinye ƙofofi biyu da bayan motar.

Na ce, "To Malam Tukur, ka daddara?"

Ya ce, "Ara mini babbar rigarka, ba zan shiga da ita gari tsirara ba."

Na tuɓe na ba shi. Har yau motar ce ke zuwa biki da rigata.