Bututun da surukina ya ɗaga

Shekarun baya, gab da Turawa za su miƙa mulki, wani attajiri ya kafa ƙaramar masana'antar matsar man gyaɗa a bayan garin Rano. Ni aka ɗauko in haɗa bututan tururi, domin a zamanin, ba yabon kai ba, daga Rano har Kibiya babu wanda ya san wannan aiki kamata.

A cikin tankin mai akwai bututu naɗaɗɗe kamar gammo, tururi yana bi ta cikinsa ya ɗumama man don ya ratsa mataci. In tururi ya huce ruwa yake komawa, shi ya sa ake ɗaura wata 'yar na'ura da muke kira tarko, ta saki ruwa, ta riƙe tururi. Sharaɗinta ɗaya ne, lalle ta zauna ƙasa da gammon, ruwa ya gangaro mata.

Na gama haɗawa na tafi birni sayo kayan aiki. Da na dawo sai na iske an ɗaga tarko da bututunsa, an ɗora bisa wani dakali mai kyau. Maginin kuwa surukina ne, mahaifin matata, mutumin Tarai. Ya ga ruwan ɗumi zai riƙa zuba a banza, ga sanyi, ga leburori suna alwala da ruwan rijiya, sai ya ɗaga domin buta ta shiga ƙarƙashi.

Muka hura wuta. Ruwa ya taru a gammo, bututu ya shiga bugawa kamar ana dukansa da guduma, mai ya ƙi ɗumi. Attajiri ya aiko cewa in Juma'a ta zo bai ga mai ba, zai nemo wani daga Zariya.

Gyaran bai fi na rabin yini ba. Amma mutumin da in na hango shi nake tuɓe takalmi in durƙusa, da wane baki zan ce masa ya yi kuskure? Rushe gininsa a bayan idonsa kuwa ya fi muni. Na dinga zagaya tanki, ina kwance noti lafiyayye ina sake ɗaurewa. Matata ta ce, "Malam, tuwon ma a tsaye za ka ci?" Har gidan surukin nawa na je, na gaishe shi, na tambayi gona, na dawo da maganata a ciki.

Daga ƙarshe na nemi taubashinsa, wani dattijo mai sayar da goro. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ja surukina zuwa bakin tanki, ni ina rakuɓe.

"Kai tsohon banza," in ji dattijon, "tun da kake gini, ka taɓa ganin indararo ya kalli sama?"

Surukina ya ce, "To alwalar mutane fa? Ko da yake kai ba ka san hanyar masallaci ba."

Sannan ya kasa kunne ga bugun bututun. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "A tambayi yaron nan, in an haƙa rami a ƙarƙashi, buta za ta zauna?"

Na ce, "A gaya wa Baba, za ta zauna."

Da hannunsa ya rushe dakalin, ya haƙa rami ya shafe shi da siminti. Kafin la'asar mai yana zuba, leburori suna jere da butoci.

'Ya'yana sukan ce da na faɗa masa kai tsaye, da ban sha wannan wahala ba. Wataƙila. Amma ni na ga yadda ake gyara aiki ba a zubar da girman kowa ba, kuma ban yi nadama ba. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har Allah ya karɓi ransa. Sai dai tun daga ranar, duk ginin da ya shafi ruwa, yakan aiko a tambayi yaron nan, har yaron ya yi furfura.