Ranar da Kunkuru Ya Shiga Kwando

Mai walda ne, shagonsa na bayan tashar motoci, tsakanin mai facin taya da wata mata mai ɗinka labule. Ƙofofin ƙarfe yake yi da tagogi, wani lokaci gadon jarirai. Hannayensa duk tabon tartsatsi ne, ba shi da rigar da ba ta da huji. Kowa Kunkuru yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana.

A ƙungiyar masu babura ya samo sunan. Duk fitar da za a yi, shi ne na ƙarshe a jere, kuma shi ya zaɓi wurin da kansa. Wanda tayarsa ta sace, wanda mai ya ƙare masa, wanda sarƙarsa ta tsinke, duk shi zai tarar da su a gefen titi, ya sauka ya kwance jakar kayan aiki. Sau da yawa sai an gama cin abinci an wanke hannu yake isowa.

Yayansa kuwa Shaho ake kiransa, shi ne ma ya kafa ƙungiyar. Direban motar asibiti ne, mutum mai ƙatuwar murya da dariya har da dukan cinya. Mahaifinsu ya rasu Kunkuru yana ƙarami, don haka Yaya ne ya riƙe shi, ya kai shi koyon walda, ya tsaya masa a aure. Idan Yaya ya hau babur, gabansa kawai yake kallo, sauran su biyo shi idan za su iya.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Da farko dishi-dishi yake gani, yana cewa laifin tabarau ne. Kafin a ankara ya ajiye aiki, ya ba da babur ɗinsa, ya koma kan wata kujera a ƙofar ɗakinsa da rediyo a cinya. Dariyar ta tafi. 'Yan ƙungiya suka yi ta zuwa gaisuwa har suka gaji, don ko sun zo ba ya cewa komai ban da “lafiya lau”.

Kunkuru bai iya lallashi da baki ba, da ƙarfe ya iya magana. Ya tattara bututu da faranti, ya samo taya da kujerar wata tsohuwar mota, ya ƙera mazauni mai taya ɗaya ya haɗa a gefen babur ɗinsa. Maƙwabtansa na shago suka raɗa wa abin suna kwando. Da ya gama ya kai ƙofar gidan Yaya, ya kama hannunsa ya ɗora a kai.

Yaya ya shafa, ya shafa, ya ɗauke hannu. “Ni za ka saka a cikin wannan, kamar kazar da za a kai kasuwa?”

“Iska kawai za mu sha, Yaya.”

“Ka sha kai kaɗai.”

Kunkuru bai yi musu ba. Kullum da yamma idan ya rufe shago sai ya zo ya tsaya a ƙofar gidan, ya bar injin yana aiki, ya zauna suna jin rediyo tare. Wata rana Yaya ya kasa haƙuri.

“Kai, wai ba ka jin injin nan yana tari? Wa ya saita maka shi?”

“Ni na saita.”

“Ai ga alama. Tashe ni in ji shi a kan hanya.”

Daga ranar kwandon ya samu mai shi. Kunkuru yana tuƙi, Yaya yana faɗa. “Sauya giya, kana kashe shi! Wannan ramin ai ko ni na gan shi!” Kunkuru sai dai ya yi murmushi a cikin hular kwano. Faɗan ya fi masa shirun daɗi nesa ba kusa ba.

Duk shekara, kafin ruwan sama ya fara ɓata hanyoyi a jingine babura, ƙungiyar tana rufe fita da tafiyar taimako. A shekarar da nake ba da labari, gidan kula da tsofaffi suka nufa, can bayan gari. An ɗaure barguna da sabulu da magunguna a bayan babura. Kwandon kansa an cusa masa kaya har Yaya ya rungume wani ƙunshin barguna kamar jariri.

Shugaban ƙungiya, wani mai kemis da ya gaji kujerar Yaya, ya zo ya rusuna. “Shaho, yau ku za ku ja mana gaba.”

“Bar mu a inda muke,” in ji Yaya. “Wannan yaron idan ya shiga gaba sai mu isa baɗi.”

Yaron da ake magana a kansa furfura ta cinye masa gemu.

Suka kama hanya. Babura a jere, ana ta hon, yara a bakin titi suna ɗaga hannu. Sau biyu Kunkuru ya tsaya taimako, Yaya yana daga cikin kwando yana ba da umarni a kan abin da ba ya gani. Amma da suka fita gari, titi ya miƙe, sai Yaya ya yi tsit. Kunkuru ya saci kallonsa. Hannun Yaya na dama yana kan bargon, yana murzawa a hankali, kamar mai riƙe da totur ɗin babur. Ƙafarsa tana taka birkin da babu shi. Kunkuru ya mayar da ido kan titi.

A gidan tsofaffin an fito da su farfajiya, wasu a kekunan guragu, wasu da sanduna. Aka sauke kaya, aka yi gaishe-gaishe, shugaba ya yi ɗan jawabi. Kunkuru bai saurara ba. Ya zagaya bayan ginin, inda ya hango wani fili shimfiɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa. Ya taka shi da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan, yana tsince duwatsu yana jefarwa waje. Sannan ya nemi shugabar ma'aikatan gidan ya roƙe ta izini. Ta dube shi kamar mai taɓin hankali, ta tambaye shi ko abin yana kifewa. Ya ce taya uku gare shi. Ta ce to, amma a tafi a hankali.

Ya turo babur ɗin bakin filin, ya riƙo Yaya. Maimakon ya kai shi kwando, sai ya ɗora hannayensa a kan hannun babur.

“Me ke nan?”

“Hau, Yaya.”

“Ka haukace? Makaho ne fa ni.”

“Na sani. Fili ne, ba kowa, ba komai. Ni zan shiga kwandon, ni zan duba maka hanya.”

Yaya ya damƙe hannun babur ɗin. Sannan ya ce, “Idan na kashe ka, me zan gaya wa matarka?”

“Ka ce mata na gaishe ta.”

Yaya ya ɗaga ƙafa ya haye. Bai lalubi komai ba, hannunsa ya san inda kowane abu yake. Kunkuru ya dunƙule a cikin kwandon, gwiwoyinsa kusa da haɓa. Tunda ya ƙera shi bai taɓa zama a ciki ba, sai a lokacin ya gane yadda ƙasa take kusa, da yadda mutum ba shi da abin riƙewa sai amana.

Injin ya tashi. Suka fara tafiya kamar masu rakiyar tsohuwa.

“Miƙe, Yaya. Miƙe dai. Ɗan karkata hagu. Hagu! Ɗaya hagun!”

“Hagu nawa ne da kai?”

Zagaye na farko ya tafi da kyarma. A na biyu Yaya ya sa giya ta biyu ba tare da ya tambaya ba. A na uku sai ga dariyar nan ta fashe, irin wadda aka daɗe ba a ji ba, ta danne ƙarar injin. 'Yan ƙungiya suka zagayo da gudu, tsofaffi suka biyo su ana turo musu kekuna. Wata tsohuwa tana buga sanda a ƙasa tana cewa, “Ƙara wuta, ɗan nan!” Shugaba ya cire tabarau yana goge ido.

“Birki, Yaya, birki! Akwai katanga!”

Babur ya tsaya cak, saura taku kaɗan. Yaya ya kashe injin, ya kifa goshinsa a kan hannayensa, kafaɗunsa suna girgiza. Kunkuru bai iya gane dariya ce ko kuka ba, bai kuma tambaya ba. Ya miƙa hannu ya dafa masa gwiwa.

Tsohuwar mai sanda ta ce ita ma sai an ɗauke ta. Haka Kunkuru ya wuni yana zagaya tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana zaune a inuwa yana ba sauran labarin yadda ake shan kwana.

Da la'asar suka kamo hanyar gida, kowa a mazauninsa. Yaya ya jingina, yana shafa gefen kwandon da tafin hannu.

“Kai, wai wane launi ka shafa wa abin nan?”

“Kore.”

“Kore? Duk tsawon lokacin nan a cikin koren abu kake yawo da ni a gari, ba ka taɓa gaya mini ba?”

“Ba ka tambaya ba, Yaya. Gobe sai in sake masa fenti. Wanne kake so?”

Iska tana kaɗa wa Yaya gemu.

“Bar shi haka,” ya ce. “Allah ya yi maka albarka.”