Mutumin da ya mayar mini da hannun dama

Malam Nasiru mai gashin ƙashi ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina ƙofar gida ana ɗaure ragon suna. Ciwon kwana uku, aka ce. An kai shi tun jiya da la'asar, ban ma samu jana'iza ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi na gaji da zuwa gaisuwa. Bana kaɗai, daga Sakajiki zuwa Kurya, ban san gida nawa na zauna a tabarmar makoki ba. Amma wannan ta taɓa ni daban.

Waɗanda suka san ni a kasuwar hatsi ta Kaura sun san abin da ya same ni bara. Na kama buhun dawa zan taya a ɗora a mota, na ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗata ta dama. Aka kai ni wurin mai ɗori a Zurmi. Ya ja, ya matsa, ya ɗaure mini hannu a ƙirji, ya ce kada in motsa shi sai bayan kwana arba'in. Na bi umarni sarai. Ran da aka kwance, hannun ya ƙi tashi. Ko loma ba ya kaiwa baki.

Shekara talatin muna cin tuwon rana a faranti ɗaya da abokaina a rumfa. Yaya dattijo zai sa hagu a farantin jama'a? Sai na riƙa cewa na ƙoshi. Daga baya na daina fita gaba ɗaya, ina ci a ɗaki kamar ɓarawo.

Ɗana ne ya matsa sai da na je asibiti, aka tura ni wurin Malam Nasiru. Yaro ne a kaina, sa'an ɗan nawa. Ya dudduba, ya ce, "Baba, ai ƙashinka lafiya lau yake. An ɗaure wanda bai yi laifi ba."

Ya nuna mini da hannunsa. Ya ce kan ƙashin hannu zaune yake a gurbi marar zurfi, kamar ƙwai a cokali. Tsoka huɗu ne daga allon kafaɗa suke riƙe da shi. Jijiyar ta saman ce ta ɗan yage, zaman ɗauri kuma ya sa gaɓar duka ta sandare.

Maganin da ya ba ni ya ba ni haushi. In sunkuya in saki hannu yana lilo. In tsaya gaban bango in hau shi da yatsu kamar gizo-gizo. Daga baya ya yanko mini robar tayar babur, in ɗaura a ƙyaure in riƙa ja. Da ya ji a ajin yamma na koyi boko, sai ya rubuta mini komai da manyan baƙaƙe, bai ce a ba yara su karanta mini ba.

Na yi mako biyu na daina. Zafi.

Sai ga shi a gidana a kan babur, ranar da ba ya aiki. "Baba, mi ya hana?" Na ce na tsufa, a bar ni haka nan. Ya ji matar ɗana na da ciki, ya yi dariya. "To in amarya ce ta zo, da hannu guda za ka tarbe ta? Wallahi ƙin ka za ta yi."

Wata biyar muka yi. Ran da loma ta kai bakina da dama, na koma rumfa. Abokina Alhaji Sani dai ya turo mini nama gabana.

Ganinmu na ƙarshe a kasuwa ne, mako biyu da suka wuce, yana sayen wake. A tsakiyar mutane ya ce in ɗaga. Na ɗaga har daidai kunne. Ya ce, "Da saura. Kada ka ga ka ci tuwo ka ce an gama."

Da sauran kuwa. Har yau ba na iya sa babbar riga ni kaɗai, kuma ban san wa zan je wurinsa ba in ba Gusau ba, da wannan hanya tamu.

Amarya ta zo, ranar Juma'a. Jikata ta fari. Kwana shida ke nan bakina bai rufu ba, sai yau.

Allah ya jiƙan Nasiru, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi littafinsa a hannun dama. Ya raya 'ya'yansa biyu. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu.

Suna gobe ne bayan asuba, ba a ɗaga ba. A nan za mu haɗa da yi masa addu'a. Kowa ya zo, ku ga yarinyar. Ni zan fito muku da ita.