Saniyar da Na Sa Aka Zana a Jikin Tulu

Kafin in lalata kaina ina da abu uku: rumfar tukwane a kasuwar Kalgo, da tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar kaya, da amanar Gwaggo, yayar mahaifina, wadda duk Gwandu an san hannunta a ginin tulu da randa. Ba gado na ci ba. Da tallan kasko a ka na fara, har mata magina na Masama da Maruda suka riƙa ba ni kaya ba tare da sun nemi shaida ba. Ku samari masu neman na kanku, ku ji yadda na zubar da su.

Wata ranar kasuwa wani dillalin kayan tarihi ya tsaya a rumfata, ya nuna mini hotuna a wayarsa. Tukwane ne masu fenti ja da baƙi da fari, na mutanen da suka zauna nahiyar Amurka tun kafin Turawa su isa can. Ya ce kowane zane da maganarsa: damisa mulki ce da ƙarfi, masara rayuwa ce, maciji mai gashin tsuntsu kuwa yana da alaƙa da iska da ruwan sama. Wasu ma da su ake rufe mamaci. Ban damu da ma'anar ba. Abin da ya shige ni shi ne da ya ce masu kuɗi na son irinsu a falo.

Na kai wa Gwaggo hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Kai ɗan nan, wanga zane na su wa ne? Ni kowane layi na ja a wuyan tulu na san dalilinsa.” Na ce ado ne kawai na otal. Ta yarda, ta haɗa jar ƙasa da farar ƙasa ta yi mini.

Na farko halal na sayar da su, a matsayin kwaikwayo. Sai ranar da wani ya ɗauki wata tukunya ya tambaye ni ko tsohuwa ce. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na yi murmushi kawai, shi kuma ya biya kamar ta gaske. Daga wannan shirun komai ya fara. Dillalin ya koya mini binne tukunya a turɓaya da taki, da turara ta da hayaƙi, da ɓantare bakinta kaɗan. Muka shirya labari cewa wani Bature ne ya tafi ya bar su a Legas. Gwaggo ba ta san komai ba. Tana gini, ni ina tsofar da aikinta a bayan gari.

Akwai wani Alhaji a Birnin Kebbi mai garken shanu, wanda ya sayi biyu ya nemi ƙari. Na yi dabarar ɗan kasuwa: mai son shanu zai fi biya idan ya ga saniya. Na sa Gwaggo ta zana ta kusa da damisar. Ta yi murna, ta ce, “Yauwa, yau ka kawo abin da na sani.” Ta zana saniya mai tozo da dogayen ƙaho, irin wadda ake kiwo a bayan gidanta.

Alhaji ya biya ba ciniki, ya ajiye tulun a falonsa. Sai wani baƙonsa, malamin tarihi a jami'a, ya gani. A kotu na ji abin da ya gaya masa: mutanen can ba su taɓa ganin saniya ba sai da Turawa suka kai musu. Ni da ban taɓa tambayar ma'anar zane ko ɗaya ba, ina zan san haka?

Dillalin ya ɓace. 'Yan sanda suka kama ni a rumfa, suka ce in nuna wanda ya gina. Da ƙafata na kai su gidan Gwaggo. Tana tsakar gida, hannunta dumu-dumu da yumɓu, maƙwabta suna leƙe. Aka nuna mata tulun, ba ta yi musu ba. Ta ce, “Aikina ne.” Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, “Ashe ƙarya ka sa nake ginawa?” Aka sa tsohuwa a bayan motar 'yan sanda, aka ratsa da ita cikin gari. An sake ta da aka gane ba ta da hannu a zambar. Ni kuwa alƙali ya tura ni gidan yari, aka sayar da motata da kayan rumfar aka biya waɗanda na cuta.

A can na sami lokacin tunani, na tuba ga Allah. Da aka sallame ni, gidanta na fara zuwa. Wurin da take gasa tukwane ciyawa ta rufe shi. Na durƙusa na nemi gafara. Ta ce, “Na yafe maka tun kana ciki, tashi.” Na roƙe ta ta koma gini, ko randa ɗaya. Ta girgiza kai ta ce, “In na taɓa yumɓu, motar nan nake gani.”

Samari, idan mai saye ya tambaye ku gaskiyar kaya, ku buɗe baki ku faɗa, ko da cinikin zai watse. Kuma kada ku sa hannun mai gaskiya cikin aikin da kuka ɓoye masa.

Yau dako nake yi a kasuwar da na taɓa zama mai rumfa. Rumfa da mota, in Allah ya so, ana iya sake samu. Abin da na ci a zambar ya koma ga masu shi. Gwaggo kuwa tana nan da ranta, kuma ruwan da take sha a randar wata yake.