Surajo da Sunan Ranar Kasuwa

Surajo taubashina ne, ɗan gwaggona ta ƙauyen Dakko, don haka ko na tona shi ba mai kai ni ƙara. Tun bai tsiro gemu ba yake tsaron shagon atamfa na Alhaji Mukhtar a kasuwar Talata Mafara. Shi ke buɗewa, shi ke shara, shi ke lallashin matan da za su sa a sauke rabin shago su tafi ko ɗankwali ba su saya ba. Yaran da Alhaji ya ɗauka bayansa sun isa su cika motar Gusau. Rilwanu ya gudu ya kama acaɓa. Nazir ya ce bari ya kewaya ya dawo, har yau ana jiransa. Duk wanda ya tafi, Surajo ake ɗora wa aikinsa, Alhaji ya dafa shi ya ce, "Kai ai ɗan gida na." Ɗan gidan nan ya rame, in ya tsaya bayan sandar awo sai ka neme shi.

Sai matarsa Ikilima ta haihu, ɗan fari, suna ya faɗo ranar Talata, ranar da kasuwa ke ci. Na ce masa, "Kai wawa, gaya ma Alhaji ɗanka na."

Ya ce, "Ɗan fari? Da wane baki?"

Kunya dai irin tamu. Ya je yana sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, an yi haihuwa can gida, akwai 'yar sabga."

Alhaji ko kai bai ɗaga ba. "Dakko kullum haihuwa akai. In kasuwa ta tashi ka tahi."

Kuma Surajo ya zauna! Ni na tsaya wurin raɗin suna, ni na raba goro, ni na cinye hantar rago a madadinsa. Ya iso da magariba an naɗe tabarmi. Gwaggo ta ƙi amsa gaisuwarsa, Ikilima ta juya wa bango fuska.

Washegari ya miƙo mini makullin shago ya ce in kai wa Alhaji. Alhaji ya yi ta salati. "To don mi bai ce ɗanai na ba?"

Na ce, "Alhaji, duk zaman nan, ka taɓa tambayar shi ina iyali?"

Alhaji ya aika, ya sake aikawa, har da alkawarin hutun Juma'a. Surajo ya ce a gaya masa ruwa ya sauka, yana gona.