Ƙyalle da Zangarniya

Ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni aron kunnuwanku. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba.

Ɗana na fari kurma ne, haka Allah Ya ba ni shi. Ya yi makarantar kurame a birni, ya koyi ɗinki, neman abinci ya kai shi Fatakwal. Ni ban san baƙi ba, shi ba ya jin magana, sai muka yi wa kanmu dabara. Kafin ya tafi ya bar mini kwalla cike da ambulan, kowace da adireshinsa a bayanta. In shinkafa ta nuna, in sa zangarniya ɗaya a ciki. In lokacin tumatir ne, yanki busasshe. A liƙa kan sarki, a kai gidan waya a Kura. Shi kuma ya aiko mini da ƙyallen abin da yake ɗinkawa. In na ga ƙyalle, yana da rai, yana da aiki. In ya ga zangarniya, ina nan.

Ƙauyenmu duka akwati ɗaya gare mu a gidan waya, na ƙungiyar masu noman rani, mabuɗin yana aljihun shugabanta. Haka muke har shekarun da salula ta shigo, maza suka riƙa hawa gaɓar kanal suna ɗaga ta sama suna neman sabis. Aka fara cewa gwamnati za ta rufe ƙananan gidajen waya, tunda ba mai zuwa. Duk ranar da na ji zancen nan, tuwo ba ya wuce mini.

Sai ƙyalle ya ɗauke. Aka cire albasa, shiru. Aka dasa shinkafa, shiru. In ina turara shinkafa sai in tsinci kaina na tsaya da mara a hannu, har ƙasan tukunya ya kama. Ko ciwo ne? Ko mota ce ta taho ta bayansa, shi da ba ya jin hon?

Na tare shugaban ƙungiya a bakin kanal. Na ce, "Ɗan nan, yaushe rabonka da akwati?"

Ya yi dariya. "Haba Iya, ai mun sake shi tun bara. Wa ke wasiƙa yanzu? Kawo lambarsa in kira miki shi, kyauta."

Na ce, "Ka kira shi ya ji da me? Kai da kuka yi wasan ƙasa tare?"

Dariyar ta tsaya. Ya cire hula ya sosa kai. "Wallahi Iya, na manta."

Washegari na hau acaɓa, abin da na rantse ba zan hau ba. Duk hanya addu'a nake kada in tarar da kwaɗo a ƙofa. Na tarar da ita a buɗe. Dattijon da ke aiki a wurin yana zaune shi kaɗai, ya tara bokiti inda rufi ke yoyo. Na yi masa bayani.

Ya ce, "Ashe ke ce mai wasiƙar da ke zubar mini da ƙaiƙayi a tebur! Baba, saƙonki ya zo, ba ɗaya ba. Na ajiye har na gaji, ba wanda ya zo. Ƙa'ida kuwa, in akwati ya mutu, a mayar wa wanda ya aiko."

Na zauna a ƙasa. Ni ma na daɗe ban aika ba, don al'adarmu sai ƙyalle ya zo nake mayar da amsa. Yaron da saƙonsa ya koma masa a liƙe, ba zangarniya, me zai ɗauka in ba uwarsa ta mutu ba?

Na ce, "Malam, da gaske rufe ku za a yi?"

Ya ce, "Ni ma ji nake. Amma gwamnati ba ta ce in tashi ba, motar jakar wasiƙu kuma tana zuwa. Ba sai da akwati ba, ɗan naki ya rubuta a ajiye miki a nan kan kanta, ki zo ki karɓa da hannunki."

Shi ya rubuta wannan bayani a takarda. Ni kuma shinkafa ba ta nuna ba, na tsinko ɗanyen ganyenta a gonar bakin titi na sa a ciki.

Ganyen bai riske shi ba, sun yi saɓani a hanya. Ranar wata Laraba da hantsi ina shanya shinkafa, na ga mutum tsaye a zaure, ya rame, riƙe da ambulan ɗinsa da suka koma. Ya sayar da keken ɗinkinsa ya yi kuɗin mota, ya zo ganin kabarina. Ya daɗe yana taɓa fuskata.

Shugaban ƙungiya shi ya bi manoma aka haɗa masa wani keken, har yau kuma in ya gan ni sunkuyar da kai yake. Dattijon ya yi ritaya, Allah Ya yi masa rasuwa. Gidan waya ba a rufe shi ba, an ma gyara rufin, ko da yake har gobe in na doshe shi ƙofar nake fara dubawa. Ɗana ya koma bakin aikinsa, ya yi aure. Ni kuwa ga ni nan, ƙyallayen na haɗa su na yi abin rufa, kuma ban ƙara jiran nasa ya zo kafin in aika nawa ba.